Yadda Muka Kasa Sa wa Gidan Inna Kuɗi

Ina kan keken ɗinki, ina kafa wuyan wata riga, wayata ta yi ƙara. Yayana ne daga Gwarzo. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, sannan ya ce, "An taya gidan Inna."

Na ɗauke ƙafata daga kan keke. Na ce, "Wa ya sa shi a kasuwa?"

"Ba wanda ya sa shi. Mutum ne ya ga gida a rufe, ya turo dillali."

"Nawa ya taya?"

"Miliyan bakwai."

"Kai me ka ce?"

"Me zan ce? Na ce albarka."

Ranar kwana arba'in da shida ke nan da rasuwar Inna. Tabarmin da aka aro don sadakar arba'in ma ba a gama mayar wa masu su ba. Na zauna da rigar mutane a cinyata, na rasa wanne ya fi ɓata mini rai, tayin da aka yi ko ƙin da Yaya ya yi ba tare da ya tambayi kowa ba.

Mu uku Inna ta bari. Yaya shi ne babba, yana harkar hatsi da dabbobi, kusan kullum yana wata kasuwar ƙauye. Ni tela ne a Kabo. Sai ƙanwarmu, wadda har yau muke ce wa Auta duk da 'ya'yanta huɗu. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. A lokacin ba a raba gidan ba, domin babu wanda zai iya duban Inna ya ce ta tashi. Gidan ƙasa ne, gabansa kawai aka yi wa shafen siminti. Zaure, ɗakuna huɗu, da rijiya wadda ba ta ƙafewa ko da bazara. Sa'ad da mahaifinmu ya gina shi, a bakin gari yake. Yanzu hanya ta biyo ta gabansa, shaguna sun cika layin. Shi ya sa aka taya shi haka.

Wanda ya yi tayin na san shi. Mai kemis ne, mutumin kudancin Kaduna, ya fi shekara ashirin a Gwarzo yana haya. Duk garin Likita ake ce masa, ko da yake shi kansa yakan ce ba likita ba ne. Shi yake zuwa ya auna wa Inna jini a shekarunta na ƙarshe, kuma bai taɓa karɓar komai ba. Ranar jana'iza ya zo ya tsaya a gefe har aka dawo.

Ni ba na gaggawar a sayar. Yaya ma ba ya yi. Mai gaggawa ita ce Auta. Mijinta ya rasu shekara biyu kafin Inna, ya bar ta a Lakwaya, a ɗaki ɗaya cikin gidan wansa. Wan mijin ya riga ya gaya mata, cikin mutunci, cewa bayan kaka zai yi wa ɗansa aure kuma ɗakin yake bukata. Ta samu wani ɗan gida mai ɗaki biyu a Unguwar Tudu, na wata tsohuwa da za ta koma wajen ɗanta. Miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Tsohuwar ta ce za ta jira ta har a kai amfanin gona gida, ba za ta wuce nan ba. Maza biyu da mace ɗaya, kashi biyar za a yi, Auta ta ɗauki ɗaya. Ko wanda bai yi makaranta ba ya san ɗaya bisa biyar na miliyan bakwai ya sayi wannan gidan har da ɗan canji. Ni ba ni da abin da zan ba ta. Yaya kuwa kuɗinsa duk suna cikin buhuna da shanu.

Ranar Juma'a muka haɗu a zauren gidan, mu uku. Babu wanda ya shiga ciki. Na faɗi abin da na kwana biyu ina shiryawa.

Na ce, "Yaya, mu kira magini ya duba ginin. Mu tambayi abin da aka sayar da gidajen layin nan. Mu tsayar da kuɗi ɗaya. Duk wanda ya zo mu faɗa masa, in zai iya ya saya."

Ya dube ni kamar na yi magana a cikin salla. "Yadin shadda ne? Tela, kai ka saba a ce nawa ne ɗinki ka ce kaza. Gida ba haka ake yi masa ba. Duk wanda ya fara furta kuɗi, shi ne a ƙasa. Ka ce takwas, mutum ya zo da goma a aljihunsa, ka ga ka yi masa kyautar biyu."

"In da bakwai ya zo fa?"

"Sai ya koma ya nemo ƙari. Shekara talatin ina kasuwa, ban taɓa sallama sa a tayin farko ba."

"Wannan ai ba sa ba ne."

"To shi ya sa. Sa ma ba a yi masa haka, balle gida."

Auta tana zaune bakin ƙofa, ta ja mayafi. Ta ce, "Yaya, ni dai bakwai ɗin ta ishe ni."

Ya sassauta murya. Ya ce, "Auta, don ke nake yi. In aka sayar goma, miliyan biyu za ki ɗauka. Ki sayi gidan, ki sa masa sabon kwano, ki sayi injin markaɗe ki riƙe yaran nan." Kuma na san da gaske yake. Abin da ya sa na kasa yi masa faɗa yadda nake so ke nan. Yaya bai taɓa nufin cutar kowa ba. Ya yarda ne kawai cewa duk duniya kasuwar dabbobi ce.

Ta ce, to ko za ta dawo gidan Inna da yara kafin a sayar? Ya ce a'a. Mai saye in ya ga magajiya a ciki, zai ɗauka akwai rigimar gado, ya gudu. 

Sannan ya kawo abin da babu mai iya musawa. Ya ce ko da yana so ya sallama wa Likita, ba a sayar da gida maƙwabci bai sani ba. Sai an fara yi masa tayi, in ya ce ba ya so, sannan a nemi na waje. Wannan gaskiya ne, haka muka taso muka gani. Maƙwabcinmu na jikin katanga aminin mahaifinmu ne, tsohon malamin gona, ya doshi tamanin. Baba muke ce masa tun muna yara. Bayan la'asar ni da Yaya muka shiga wajensa.

Ba zan manta da wannan zaman ba. Muka gaisa, ya sake yi mana ta'aziyya, ya yi wa Inna addu'a mai tsawo. Yaya ya ce, "Baba, kan maganar gidan ne muka zo. Ba ma so ka ji a gari. In kana da bukata, kai ne a gaba."

Ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Bukata kam akwai. Ɗan nan nawa na Kano ya daɗe yana so ya dawo kusa da ni. Nawa kuka sa masa?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Haba Baba. Mu sa maka kuɗi? Ka taya kawai."

"Ni in taya gidan aminina? Da wane bakin? In na taya ƙasa, na ci dukiyar marayu."

Na dubi Yaya, marayan da gemunsa ya yi fari, yana da jikoki uku.

"Baba, duk abin da ka faɗa ai daidai ne."

"A'a. Ku ne masu kaya. Ku faɗa, in ji."

"Ba ma iya haɗa ido da kai a kan kuɗi, Baba."

"Ni ma haka."

Na buɗe baki zan ce an riga an taya bakwai, ko ya samu inda zai kama. Yaya ya taka mini ɗan yatsan ƙafa, ya danne. Aka kawo kunu muka sha. Baba ya ba mu labarin shekarar da shi da mahaifinmu suka haƙa rijiyar, da yadda guga ya faɗa wa mahaifinmu a ka. Muka yi dariya. Aka koma kan magana. Ku faɗa. A'a, ka taya. Aka sake barin ta. Har aka kira magariba babu wanda ya ambaci ko naira ɗaya. Da za mu tashi ya ce, "Ku ba ni lokaci in yi magana da yaron." Muka ce babu komai, Baba, duk lokacin da ka shirya.

A waje na ce wa Yaya, "Yanzu me muka yi ke nan?"

Ya ce, "Mun fita hakkinsa."

"Mun ɗaure kanmu dai. Yanzu ba mu isa mu sayar wa kowa ba sai ya amsa, kuma ba mu ce masa yaushe ba."

"Kai dai ka cika gajen haƙuri."

Abin da ya yi bayan haka bai gaya mini ba, a gari na ji. Wai don kada lokacin jira ya tafi a banza, sai ya kira dillalai uku, kowanne shi kaɗai. Ya ce wa na farko, in an matsa masa da tambaya, ya ce masu gida suna hangen tara. Ya ce wa na biyu sha ɗaya. Na uku ya ce masa sha uku. A ganinsa, duk wanda ya kawo mai saye, an san inda kasuwa ta tsaya, kuma shi da bakinsa bai furta wa mai saye komai ba. Ya manta cewa dillalan Gwarzo a benci ɗaya suke shan shayi. Ya kuma manta cewa kowane dillali yana ɗora nasa a sama. Na ukun ya mayar da sha uku sha huɗu.

Kafin mako biyu labari ya iso Kabo. A wajen wani ɗaurin aure wani ya kama hannuna ya ce, "Alhaji tela! An ce miliyan sha huɗu. Bana sai Makka." Wata mata da na yi shekara goma ina yi wa 'ya'yanta ɗinkin salla ta ce in rage mata, tunda yanzu ɗinkin nishaɗi nake yi. Ina cikin makokin uwata, mutane suna yi mini barka. Wasu ma ta'aziyya da barkar suke haɗawa a numfashi ɗaya.

Wata Talata da hantsi Likita ya zo shagona da kansa. Ya kulle kemis ɗinsa, ya hau babur tun daga Gwarzo. Na ba shi kujera. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ni ban iya zagaye-zagaye ba. Nawa ne gidan Mama?" Haka yake ce wa Inna. "Na ji tara. Na ji sha ɗaya. Jiya wani ya rantse mini sha huɗu ne. Gida ɗaya ne ko uku?"

Kunya ta kama ni. Na ce, "Likita, wallahi ni ma ban sani ba."

Ya yi ɗan murmushi. Ya ce, "Abin da nake da shi bakwai ne. Matata ta ce za ta sayar da filinta na gida, mu kai bakwai da rabi. Daga nan ba ni da ko sisi. Ba ciniki nake yi ba, gaskiya nake gaya maka. Zauren zan mayar kemis, mu zauna a ciki. Rijiyar nan ma kaɗai ta ishe ni. Amma mai gidan da nake haya ya ba ni wata biyu."

Ranar na rufe shago na tafi Gwarzo. Na samu Yaya yana auna masara. Na gaya masa. Fuskarsa ta washe.

"Ka gani? Ban ce komai ba ya ƙara rabin miliyan. Da na bi taka fa?"

"Ya ce daga nan ba shi da ko sisi."

"Kowa haka yake cewa. Ni ma haka nake cewa."

"Yaya, mutumin nan ba ɗan kasuwar shanu ba ne. In ya ce babu, babu."

"Zai dawo. Kuma Baba bai amsa ba tukuna. Kana so mu tsallake Baba?"

"To mu je mu tambaye shi."

"Mu je mu tsaya wa dattijo a ka kamar masu karɓar haraji? Ya ce a ba shi lokaci."

Likita bai dawo ba. Da wa'adinsa ya cika ya sayi wani gida a hanyar Kabo, wanda bai kai namu ba, ba shi da rijiya. Har yau in mun haɗu muna gaisawa da kyau, bai taɓa tayar da maganar ba.

Daga nan masu zuwa suka ragu. Waɗanda suke da bakwai ko takwas ba sa zuwa, don sun ji sha huɗu. Waɗanda suke da sha huɗu ba gidan ƙasa suke nema ba. Sai 'yan kallo, masu son su ga gidan da aka ce ya kai haka. Wani ya leƙa rijiya ya tambayi dillali ko fetur ne a ciki.

Damina ta sauka. Kowace shekara kafin ruwan farko Inna takan sa a yi wa katanga yaɓe, a gyara indararo. A bana babu wanda ya yi. Na yi maganar, Yaya ya ce ba a kashe wa abin sayarwa kuɗi. A tsakiyar damina aka yi ruwan kwana biyu, katangar baya ta faɗi, wadda ta raba mu da gidan Baba. Na je dubawa. Na tarar da shi zaune a kan kujerarsa a tsakar gidansa, yana kallon tsakar gidanmu ta inda katanga take a da.

Muka gaisa. Na ba shi haƙuri, na ce za a gyara. Ya ce babu komai, ƙasa ce. Sannan ya ce, "Zo ka zauna, akwai maganar da ta daɗe tana damuna."

Na zauna a kan turmi.

"Yaron nan ya amsa tun mako guda da zuwanku. Ya ce yana da miliyan takwas a ajiye, in je in taya."

 Na ce, "Baba, takwas?"

"Takwas. Na sa hula zan fito, sai ga ɗaya daga cikin dillalan nan ya zo gaishe ni. Ya ce ai gidan sha huɗu kuka sa masa. Na koma na zauna. Na ce, yanzu in je in ce wa 'ya'yan aminina takwas a abin da suke ganin sha huɗu? Su ce Baba ya ga iyayensu sun kau yana so ya kwashe musu gida a banza? Kuma na san halinku. In na faɗa, kunya za ta sa ku sallama, ku tafi kuna jin ciwo a zuci. Sai na yi shiru, na ce in kun gaji za ku dawo."

"Mu kuma muna jira ka aiko."

"To ka ji."

"Yanzu fa, Baba?"

"Ya gaji da jira. Ya sayi fili a Kano, har an fara zuba bulo."

Na tashi na yi masa sallama. In na buɗe baki a lokacin, abin da zai fito bai dace da dattijo ba, kuma ba shi kaɗai ya yi laifin ba. Mutum uku masu hankali, kowa yana kare mutuncin ɗan'uwansa, muka zauna daga la'asar zuwa magariba muka kasa furta kalma ɗaya. Da a ranar Yaya bai taka mini ƙafa ba, da an gama.

Da na gaya wa Yaya, sai ya ce, "Wane dillalin ne?" Kamar nan matsalar take.

Bayan faɗuwar katanga tayin da ake yi ya koma biyar, biyar da rabi. Yaya ya ƙi, kuma yanzu ba don dabara ba. Ya ce, "A ce na ƙi bakwai da rabi na karɓi biyar? Da wane ido zan shiga kasuwa?" Gero ya fara fitar da kai. Auta ba ta kira ni ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Takan kira ta gaishe ni, ta tambayi yara, sai a ƙarshe ta ce, "Yaya ƙarami, shiru?" In ce shiru. Ta ce, "To Allah ya sa mu ji alheri."

Sai da aka fara yankan gero Yaya ya sauko. Zai tafi sayen dabbobi na mako guda. Ya kira ni ya ce, "In an kai shida da rabi, ka sallama. Amma kai za ka sallama, ba ni ba." Na gane. Shida da rabi, kason Auta ya zo daidai da kuɗin gidan tsohuwar, babu ragi babu ƙari. La'adar dillali na ce a cire daga nawa. Karon farko ke nan da gidan ya samu kuɗi ɗaya, ko da yake a tsakaninmu kawai.

Kwana uku da tafiyarsa dillali ya kira ni, ya ce ya samu mutum. Na je. Wani matashin Alhaji ne mai shaguna a garin, ya zo da mota, waya biyu a hannu. Ya gaishe ni a tsaye. Bai tambayi gidan wa ba ne. Ya shiga yana auna tsakar gida da taku, daga zaure zuwa inda katanga ta faɗi, ya dawo. Dillali yana bin sa yana yabon rijiya.

Ya ce, "Rijiya cikewa za a yi. Ni fili nake saye, ba gida ba."

Ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna. Tun ranar da mata suka raba tufafinta ba a buɗe ɗakin ba. Ya tura ƙofar da ƙafa, ta buɗe. Gadonta yana nan ba katifa. Buta tana inda take ajiye ta. A jikin bango, daidai inda take jingina in ta idar da salla, ƙasar ta yi santsi ta yi duhu. Ya leƙa ya ce wa dillali, "Nan shago biyu zai fita. Kwana ɗaya katafila za ta gama da shi." Ya juyo gare ni. "Shida da rabi. In ka sallama, yau a rubuta takarda a gaban mai unguwa."

Na san abin da aka aiko ni in ce. Na san dalili. Na ji bakina ya ce, "Albarka."

Dillali ya zaro ido. "Malam, shida da rabi fa ya ce."

"Na ji. Albarka."

Alhajin bai ma ji haushi ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya amsa waya, ya fita. Dillali ya tsaya ya ce, "Ku 'yan gidan nan, wallahi ku faɗa mana gaskiya in ba sayarwa za ku yi ba. Takalmina ya ƙare a kanku." Na ja ƙofar ɗakin na rufe. Wata biyar ina jin haushin Yaya, ina jin haushin Baba, ina ganin ni kaɗai ne mai hankali a cikinsu.

Washegari na tafi Lakwaya. Ban so ta ji a bakin dillali. Na same ta tana sussukar gero a tsakar gidan wan mijinta, an riga an jibge bulo da yashi a ƙofar ɗakinta don gyaran da za a yi wa amarya. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na gaya mata duka, ban rage komai ba, har da ƙafar da ya sa ya tura ƙofa.

Ta ajiye taɓarya. Ta ce, "Yaya ƙarami, har da kai?"

Na ce, "Ki yafe mini. Ban san lokacin da na faɗa ba."

"Yaya babba yana tsoron 'yan kasuwa su yi masa dariya. Baba yana jin kunyarku. Kai kuma kana jin tausayin bango." Ba ta ɗaga murya ba. "Ni ma uwata ce. Ni na yi jinyarta, ni na san inda take jingina. Amma Inna ba ta bukatar ɗaki yanzu. Ni da yara huɗu ne muke bukata."

 A gabanta na kira dillali, na ce ya koma wa Alhajin, na sallama. Da yamma ya kira ya ce Alhaji ya ce jiya ne shida da rabi, yau biyar da rabi, tunda mu ne muka biyo shi. Yaya ya dawo ya ji duka. Na zaci zai yi mini faɗa. Sai ya ce, "Ai ka yi daidai, ba a sallama a tayin farko." Wannan ya fi faɗan ciwo.

Na je Unguwar Tudu na roƙi tsohuwar ta ƙara mana wata guda. Ta ce, "Ɗan nan, na jira tun bazara. Ɗana ya turo mota ranar Lahadi." Ta sayar wa wani malamin makaranta. Ita ba ta yi wata dabara ba. Ta faɗi kuɗinta tun farko, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Mako biyu kafin bikin ɗan wan mijinta, Auta ta ɗauki hayar a-kori-kura, ta loda kayanta da 'ya'yanta, ta sauka a ƙofar gidan Inna. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta aika aka karɓo makulli a wajen matar Yaya. Da Yaya ya zo yana cewa ai yanzu babu mai sayen da zai ƙara leƙowa, ta ce masa, "To Yaya, duk ranar da kuka gama sa masa kuɗi, ku gaya mini in tashi."  Ya aiko mata da buhun masara.

Tana ɗakin Inna ita da 'yan matan, mazan suna na kusa da rijiya. Ɗaya bisa biyar na gidan ne nata, kuma babu wanda zai iya nuna mata wane ɓangare ne. Ba ta iya gyara shi yadda take so, don na sayarwa ne. Ba ta iya tashi, don ba ta da inda za ta. Inda katanga ta faɗi ni na sayi zana aka kafa, da niyyar kafin damina a gina. Damina ta biyu ke nan zanar tana nan.

Dillalai sun daina kiranmu. In an haɗu a gidan da salla, mukan zauna a zaure mu ci abinci, wani ya ce ya kamata a zauna a yi maganar gidan nan, kowa ya ce gaskiya ne. Har yau ba mu zauna ba, kuma ba mu sa wa gidan kuɗi ba.